Tafiya Aislan: Wutar da ke Ƙarƙashin Ƙasa da Ruwan da Take Dafawa

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a nan Sakkwato, ina zaune a Runjin Sambo. An zaɓe ni in halarci taron ƙara wa juna sani na kwana goma a ƙasar Aislan cikin watan Satumba, alhali ban taɓa wuce Nijar ba. Tun da Innata ta ji cewa ƙasar duwatsu masu aman wuta ce hankalinta bai kwanta ba. Na kuma ji cewa ruwan famfonsu da zafinsa yake fitowa daga ƙasa, kuma yana wari. Me zan tarar idan na sauka? Akwai haɗari? Ruwan ya yi a sha, ya yi a yi alwala? Sannan burtsatsen unguwarmu ruwansa da ɗumi yake fitowa, kamar yadda na ji ana faɗin na Wikki a Yankari. Ko mu ma akwai wuta a ƙarƙashinmu?"

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, ya kuma sanyaya wa Inna zuciya. Tambayarka ta zo da rassa huɗu, amma idan aka bi su har gindi za a ga abu guda suke nema: daga ina zafin yake fitowa, kuma wace tazara ce ke tsakaninsa da tafin ƙafar mutum. Aikina shi ne nazarin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Yawancin shekaruna na yi su ne a bakin rijiyoyin burtsatse a ƙasashen Sakkwato da Kabi da Zamfara, kuma na taɓa yin wata shida a Aislan ina koyon yadda ake cin moriyar zafin ƙasa, tun kafin aman wutar da ya fara a 2021. Da wannan sanin zan amsa maka, kuma inda magana ta kai ga huruminsu malaman addini ko likitoci zan faɗa maka ka koma gare su.

Abin da ido zai fara gani

Jirginka zai sauka a filin Keflavik, daga nan zuwa babban birni Reykjavik kimanin kilomita 50 ne. Wannan gajeruwar tafiya ita ce ba na mantawa. Idon Basakkwace ya saba da jar marmara, da gonakin gero, da gawo da dogonyaro, da awaki a bakin hanya, da ƙauye bayan ƙauye. A can kuwa, da motar ta bar filin jirgi sai na ga fili baƙi ƙirin har iyakar gani, duwatsu a tarwatse, wasu a murɗe, wasu a tsage, kamar an juye murhun maƙeri a kan ƙasar gaba ɗaya aka bar gawayin ya huce. Babu itace, babu gona, babu mahaluki. Abin da kawai ya lulluɓe duwatsun shi ne wata gansakuka mai kauri, launinta tsakanin toka da kore. Daga nesa na hango farin hayaƙi yana tashi a wurare biyu ko uku, zuciyata ta ba ni cewa masu ƙona gawayi ne ko gobarar daji, har na fara tunanin me za a ƙona a inda babu ko kara. Direban ya ce mini tururi ne. Sunan birnin ma daga nan ya samo asali, domin ma'anar Reykjavik a harshensu ita ce mashigin teku mai hayaƙi, kuma tarihinsu ya ce mutumin da ya fara zama a wurin wajajen shekarar 874 tururin maɓuɓɓugan ya gani ya raɗa masa sunan.

Wannan baƙin fili narkakken dutse ne da ya malalo ya sandare, kuma mafi sabunta cikin wanda na gani a lokacin bai wuce shekara 800 ba. Ga mai nazarin duwatsu wannan jariri ne. Ka kwatanta da namu. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ta kwanta ne a ƙarƙashin teku shekaru kusan miliyan 60 da suka wuce, shi ya sa masu fasa ta suke tsintar ɓawon halittun ruwa a ciki. A duwatsun Dukamaje, waɗanda suka girme ta, an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku da masana suka sa wa suna daga sunan Goronyo. Dutse mafi tsufa a Aislan kuwa bai wuce shekara miliyan 16 ba, kuma ana ci gaba da ƙera ƙasar har gobe. A 1963 masunta suka ga hayaƙi yana tashi daga tsakiyar teku a kudancin ƙasar, kafin aman ya tsaya a 1967 sabon tsibiri ya tsaya da ƙafafunsa, shi ne Surtsey.

Abu na biyu da zai tare ka ba wuta ba ne, iska ce. A Satumba ma'aunin zafi yakan tsaya wajajen digiri 10 ko ƙasa da haka, wanda ya fi asubar hunturunmu sanyi, ga yayyafi da ke zuwa a karkace saboda ƙarfin iskar, lema ba ta da amfani a cikinsa. Ka nemi riga mai hana ruwa shiga, da takalmi mai kaurin ƙasa, ka riƙa sa tufafi kashi-kashi yadda za ka iya ragewa idan ka shiga ɗaki. Ka yi sa'ar wata, domin a Satumba dare da rana kusan daidai suke, lokutan salla ba za su rikita ka ba. Da a ƙarshen Disamba ne da hasken rana na awa huɗu kacal za ka samu, da a Yuni ne kuma da ba ka ga duhu na sosai ba. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya.

Dalilin da ya sa ƙasar take haka

Ɓawon duniya ba dunƙule ɗaya ba ne, manyan faya-fayai ne da ke motsi a hankali a kan dutse mai tsananin zafi da ke ƙarƙashinsu. A tsakiyar Tekun Atilantika akwai doguwar tsaga inda faifan Amurka ta Arewa da faifan Turai da Asiya suke rabuwa, kimanin santimita 2 a kowace shekara, wato kusan saurin tsiron farce. Duk inda suka buɗe, narkakken dutse yakan taso ya cike gurbin. A mafi yawan tsawon tsagar wannan aiki yana gudana ne a ƙarƙashin ruwa mai zurfin kilomitoci, ba mai gani. A daidai Aislan sai aka samu ƙarin wani zafi da ke tasowa daga can cikin duniya, ya yawaita narkakken dutsen har ya taru ya ɓullo saman teku. Ƙasar ke nan, faɗinta kimanin murabba'in kilomita 103,000, mutanenta ba su kai 400,000 ba. Idan masu taron suka kai ku Thingvellir, kuma da wuya su ƙi, za ka yi tafiya a cikin tsagar da ƙafarka, bangon dutse a dama da hagu. A wurin ne suka kafa majalisarsu a shekarar 930.

Ga abin da nake so ka riƙe, domin shi ne mabuɗin sauran tambayoyinka. A ko'ina a duniya, har da ƙofar gidanku, duk yadda aka ƙara nutsawa cikin ƙasa zafi ƙaruwa yake, a matsakaici digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ɗaya. A wuraren Aislan da ke kan tsagar kuwa, kafin a cika kilomita ɗaya an wuce digiri 200. Ruwan da ke fitowa da zafi ba wani ruwa ne na daban ba. Ruwan sama ne da narkakkiyar ƙanƙara, a gaɓar teku kuma har da ruwan gishiri, suke tsiyaya ta tsagogin dutse, su sauka su tarar da zafi, su yi sauƙi, su sake tasowa ta wata tsagar. Murhun yana kusa, tukunyar tana da ruwa, kuma ba a taɓa sauke ta.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne kwarin Haukadalur, inda maɓuɓɓugar Geysir take, wadda Turawa suka ari sunanta suka sa wa duk mai feshi irinta a duniya. Ita kanta yanzu ba ta cika motsi ba, maƙwabciyarta Strokkur ce ke feso ruwa kowane minti biyar zuwa goma, tsawon mita 15 zuwa 20. Yadda abin yake shi ne, akwai dogon rami matsattse cike da ruwa. Ruwan da ke ƙasa ya wuce digiri 100 amma nauyin na sama ya danne shi ya hana shi tafasa, kamar tukunyar da aka rufe aka aza wa marfinta dutse. Da zarar ɗan ruwa ya malala daga baki, nauyin ya ragu, sai na ƙasan ya rikiɗe tururi a lokaci guda ya watso duk abin da ke kansa sama. Na karanta wannan a littafi shekaru kafin in je, na koyar da shi ma, amma ranar da na tsaya a gabanta na ga ruwan yana sauka yana hawa kamar ƙirjin mai barci, sannan ya kumburo ya zama ƙoƙo shuɗi garai kafin ya fashe, tasbihi kawai na ji bakina yana yi. Ka lura da inda iska ke kaɗawa ka tsaya ta bayanta, kuma kada ka ɓata feshin farko wajen riƙe waya.

Maganar haɗari, da abin da za ka faɗa wa Inna

Ba zan ce maka babu haɗari ba, domin tarihin ƙasar cike yake da shi. Akwai jerin duwatsu masu rai kimanin 30, kuma a matsakaici ana samun aman wuta duk bayan shekara huɗu ko biyar. Mafi muni shi ne na Laki a 1783 zuwa 1784, wanda gubar iskarsa ta lalata ciyawa, dabbobi suka mutu, yunwa ta kashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na al'ummar. A daren 23 ga Janairu 1973 ƙasa ta tsage a gefen garin da ke tsibirin Heimaey, aka kwashe mutane kusan 5,000 cikin jiragen kamun kifi kafin gari ya waye, daga baya suka yi watanni suna feshin ruwan teku a kan narkakken dutsen don kada ya toshe musu tashar jiragen ruwa, kuma tashar ta tsira. A 1996 wani dutse ya yi amai a ƙarƙashin ƙanƙarar Vatnajokull, ruwan da ya narke ya yi ambaliya ya tafi da gadoji. A Afrilun 2010 tokar dutsen Eyjafjallajokull ta rufe sararin samaniyar Turai kusan mako guda, aka soke tashin jirage kimanin 100,000. Na baya-bayan nan kuma a yankin da za ka sauka ne: bayan shiru na kusan shekara 800, dutsen Fagradalsfjall ya fara amai a Maris 2021, a Nuwamba 2023 aka kwashe mutanen garin Grindavik, a Janairun 2024 narkakken dutse ya cinye gidaje uku a gefen garin.

Amma ka sake duba jerin nan da idon lissafi. A Heimaey an yi asarar ɗaruruwan gidaje, mutum ɗaya ne ya rasu, shi ma iskar guba ce ta same shi a cikin gini. Dalili kuwa shi ne dutsen Aislan irin mai ruwa-ruwa ne idan ya narke, yawanci malalowa yake ta tsaga maimakon ya fashe kamar na Indonesiya, kuma kafin ya fito yakan yi sallama. Ƙananan girgizar ƙasa sukan yawaita, ƙasa ta kumbura da 'yan santimitoci, na'urorin hukumar kula da yanayi ta ƙasar suna auna duka dare da rana. Ilimin bai kai ga a ce ranar kaza da ƙarfe kaza za a yi ba, wani lokaci gargaɗin ƙarshe bai fi na awa ɗaya ba, amma ya kai ga a san wurin a kuma rufe shi tun da wuri. Aman da aka yi ta yi a wannan yanki tun 2021 bai hana jirage sauka a Keflavik ba. Baƙon da ya je taro a Reykjavik, ya bi umarnin masu masauki, ba ya cikin waɗanda narkakken dutse ke yi wa barazana.

Abin da ke cutar da baƙi a gaskiya ƙananan abubuwa ne da ake rainawa. A filayen maɓuɓɓugai ƙasar da ke gefen ramin ɓawo ne siriri, a ƙarƙashinsa taɓo ne mai tafasa, kuma a ido ba ta da bambanci da busasshiyar fadama. Igiyar da aka kewaye wurin da ita da katakon da aka shimfiɗa ba ado ba ne. A wani fita da muka yi, ɗaya daga cikin abokan karatunmu ya sauka daga katakon taki biyu kawai don ya ɗauki hoto, ƙafarsa ta burma zuwa idon sawu, ya yi makonni yana jinyar ƙuna, kuma shi ma masanin duwatsu ne. Kada ka tsoma yatsa don ka gwada, ruwa mai digiri 90 yana iya zama lumui ba ya ko motsi. Na biyu iska mai nauyi ce da ke taruwa a kwari idan babu kaɗawa. Mu nan kusa mun san ta, domin ita ce ta fito daga tafkin Nyos na Kamaru a daren 21 ga Agusta 1986 ta kashe mutane fiye da 1,700 da dabbobinsu, yawancinsu suna barci. Idan ka ji kanka ya yi nauyi ko numfashi ya yi wuya a kusa da irin waɗannan wurare, ka hau tudu. Na uku teku ne, musamman gaɓar baƙin yashi ta Reynisfjara, inda igiyar ruwa ke zuwa ba zato ta ja mutum, kuma ta kashe baƙi da dama. Lambar neman agaji 112 ce. Ga Inna kuwa, ka faɗa mata gaskiya da sauƙi: wutar tana da wurarenta sanannu, an sa masu tsaro a kanta, kai kuma gari za ka zauna. Sannan ka roƙi addu'arta, ka riƙa kiranta kullum.

Ruwan famfo, sha da alwala

Famfo biyu ne, kuma asalinsu daban. Na sanyi ruwan marmaro ne da ya tace ta cikin duwatsu, ba a sa masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta saboda ba ya buƙata, kuma ban taɓa shan ruwan da ya fi shi daɗi ba. Kada ka kashe kuɗinka kan ruwan gora, ƙasar tana da tsada ƙwarai. Na zafi shi ne mai warin baragurbin ƙwai, warin kuwa na iskar farar wuta ne. A wasu unguwannin Reykjavik ruwan rijiyar zafi ne kai tsaye ake turowa. A wasu kuma ruwan sanyi ne ake ɗumamawa da tururi a tashoshin Nesjavellir da Hellisheidi, sannan da gangan a bar ɗan wannan iska a cikinsa domin tana hana bututu tsatsa. Ba ƙazanta ba ce, kuma gwargwadon da ke cikinsa ba ya cutar da mai wanka, sai dai ba a shan sa, ba a dafa shayi da shi. Idan za ka sha, ka bar famfon sanyi ya ɗan zuba tukuna. Hanci yakan saba cikin kwana biyu ko uku.

Ka kiyayi abu biyu. Ruwan yakan iso gida da zafin digiri 70 zuwa 80, don haka ka fara buɗe na sanyi sannan ka surka. A asubata ta farko na tara hannu kamar yadda na saba a gida, na yi kwanaki ina jin raɗaɗin. Sannan idan kana sa zoben azurfa ka cire, nawa ya yi baƙi cikin 'yan kwanaki, sai da na goge shi.

Game da alwala, abin da ya ba ni mamaki shi ne na tarar an riga an amsa mini tambayar tun ina yaro a makarantar zaure. A babin ruwa na Ishmawi an faɗa cewa ruwan da ya canza saboda abin da ba a iya kauce masa a mazauninsa, kamar wanda ke gudana a kan ma'adinin kibritu, mai tsarkakewa ne, alwala ta inganta da shi. Kibritu kuwa shi ne farar wuta. Na karanta wannan layi a gaban malaminmu ban san inda ake samun irin wannan ruwa ba, sai ga shi yana zubo mini a hannu a wata ƙasa da ke dab da ƙarshen arewacin duniya. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, ka je ka ji daga bakin malaminka kafin ka tashi. Ko ba komai, famfon sanyi ba shi da wari ko kaɗan, kuma akwai Musulmi da wurin sallar Juma'a a Reykjavik.

Yadda suka mayar da wuta baiwa

Abin da ya fi zama a raina bayan na dawo ba feshin Strokkur ba ne, ɗumin ɗaki ne. Kusan gidaje tara cikin goma a ƙasar da ruwan ƙasa ake ɗumama su. Ba haka abin yake ba tun asali. Mutanen farko sun sare yawancin itatuwan da suka tarar, abin da ya kamata ya tsaya wa duk wanda ya ga yadda motocin itace ke shigowa Sakkwato kullum a rai, suka koma ƙona busasshen taɓo da kashin tumaki, daga baya suka riƙa sayo kwal da mai daga waje. Ɗaruruwan shekaru amfanin maɓuɓɓugan bai wuce wanka da wanki ba. Babban titin kasuwar Reykjavik, Laugavegur, asalinsa hanyar da mata ke bi ne da ƙunshin wanki zuwa ruwan zafi na Laugardalur. A 1930 aka ja bututu daga wurin aka ɗumama wata makaranta, tsadar mai ta 1973 kuma ta sa suka ɗauki abin da gaske har ya game ƙasar. Maɓuɓɓugar Deildartunguhver ita kaɗai tana fitar da lita 180 a kowace daƙiƙa da zafin digiri 97, ana tura ruwanta har garin Akranes, tafiyar fiye da kilomita 60. Kusan kashi 30 cikin 100 na lantarkinsu daga tururi ne, saura daga madatsun ruwa. Ruwan da ya gama zagaya gida ba duka ake zubarwa ba, a wasu wurare ana bi da shi ƙarƙashin titi ya narkar da ƙanƙara. A Hveragerdi na ga tumatir da kokwamba a gidajen gilashi, a Laugarvatn kuma na ci burodin da aka binne a cikin yashi mai zafi kwana guda ya dahu.

Tabbas za a yi maka tayin shiga ruwan. Shahararren wurin shi ne tafkin wanka na Blue Lagoon, wanda mutane da yawa ke zaton halitta ce, alhali ruwan da tashar lantarki ta Svartsengi ta gama amfani da shi ne ya fara taruwa a 1976. Sinadarin silika ne ya ba shi launin shuɗi mai madara-madara, zafinsa digiri 37 zuwa 40. Yana kusa da Grindavik, an sha rufe shi tun 2023, sai ka bincika kafin ka biya. A ganina wuraren wankan unguwa sun fi shi nuna halin mutanen, domin a nan suke haɗuwa bayan aiki su tattauna lamuran gari, kamar yadda dattawanmu ke zama a majalisa bayan La'asar. Sai dai dole in faɗa maka abin da ya shafi kunya da sutura. Maza da mata tare suke shiga ruwan. Kafin shiga kuma wajibi ne a wanke jiki duka da sabulu ba tare da tufafi ba, a ɓangaren maza daban na mata daban, saboda ba su cika zuba wa ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Wurare da yawa suna da ɗan ɗaki mai labule ga mai son keɓewa, ka tambaya tun a ƙofa. Ni da sassafe nake zuwa lokacin da babu jama'a, da dogon wando, kuma akwai abokan tafiyata da ba su shiga ba ko sau ɗaya, ba wanda ya ga laifinsu. Idan kana da hawan jini ko ciwon zuciya ka tambayi likita tukuna, kada kuma ka daɗe a kwamin da ya wuce digiri 40. Ana kai masu wata irin cutar fata Blue Lagoon kuma suna samun sauƙi, amma kada ka ɗauke shi maganin kowace cuta.

Burtsatsen Runjin Sambo da ruwan Wikki

A'a, babu dutse mai aman wuta a ƙarƙashin Sakkwato. Muna zaune ne a kan shimfiɗaɗɗun yashi da laka da farar ƙasa na babban kwarin Iullemmeden, wanda ya miƙa har Nijar da Mali, nesa da bakin kowane faifai. Ɗumin ruwanku lissafi ne mai sauƙi. Ƙasa tana riƙe matsakaicin zafin shekara na wurin da take, a nan kusan digiri 28 ko 29, shi ya sa ruwan rijiya yake tururi da asubar hunturu kuma yake da sanyi a Afrilu, alhali shi bai canza ba, jikinka ne da iska suka canza. A kan wannan ka ƙara kusan digiri 3 ga kowane mita 100. Rijiyar da ta kai mita 300 za ta iya ba ka ruwa mai digiri 37 ko 38, daidai da zafin da masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi mai yawa su shiga a Aislan. Na sha jin wannan ɗumi a hannuna a rijiyoyi masu zurfi da suka kai shimfiɗin yashin ƙarƙashin ƙasa da ake kira na Gwandu ko na Rima, wasunsu ma da kansu suke tunkuɗo ruwa a kwarin gulbi ba tare da famfo ba. Idan ruwanku daga tankin sama yake saukowa, wataƙila ma rana ce kawai ta dafa shi.

Wikki ma haka take. Ruwanta digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, yana fitowa daga ƙarƙashin dutsen yashi ya zuba a kogin Gaji, kuma rashin canzawarsa shi ne shaidar cewa daga zurfi yake tasowa. Ikogosi ta jihar Ekiti, inda ruwan ɗumi da na sanyi suke haɗuwa, ita ma tsagar dutse ce ta ba ruwa hanyar sauka da hawa. Tsofaffin duwatsun aman wuta a Najeriya suna tudun Biu da tudun Jos, wajen Panyam da Kerang, kuma sun daɗe da yin shiru. Mai rai mafi kusa da mu shi ne Dutsen Kamaru, wanda ya yi amai a 1999 da 2000.

Akan tambaye ni ko za mu iya samun lantarki daga zafin ƙasa kamar su. A Afirka Kenya ta yi, tun 1981 take juya injuna da tururin Olkaria, domin ita ma a kan tsaga take. Mu a nan sai mun haƙa kilomita biyar ko shida kafin mu kai zafin da suke samu a ƙasa da ɗaya, kuma kuɗin haƙar ya fi ƙarfin amfanin, ga rana a kanmu wadda su suke nema ido rufe rabin shekara. Kafin ka tashi, ka sayi ɗan ma'aunin zafi a kantin magani, ka bar burtsatsenku ya zuba minti goma, ka auna ruwan a bakin bututu kafin ya hau tanki, ka kuma tambayi wanda ya haƙa shi mita nawa ya nutsa. Ka aiko mini da lambobin biyu, zan faɗa maka daga wane shimfiɗin yashi kuke sha.